'Yan Kokawa Masu Harara-Garke

A unguwar Marulas ta Valenzuela babu wanda bai san Celso Magtibay mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba, sai dai ba gyaran ne ya fito da sunansa ba. An san shi ne da 'yan kokawar roba, 'yan ƙananan mutum-mutumin ƙattin nan da ake nunawa a talabijin suna nana juna da ƙasa. Furfura ta fara leƙo masa, ya aurar da 'ya'ya biyu, amma da an taɓo zancen 'yan kokawa bakinsa ba ya rufuwa.

Abin ya samo asali ne daga mahaifiyarsa, Aling Pining. Da mijinta ya rasu sai ta kama aiki a wata ƙaramar masana'antar roba a bayan kasuwa, inda ake buga bokiti da baho da kwandon shara. In Kirsimeti ta gabato, mai wurin yakan ajiye bokiti ya koma buga 'yan kokawa, kwaikwayon na Amurka. Jikin iri ɗaya ne ga kowa, kai kawai ake sauyawa. Robar kuwa ragowar ta bokiti ce, don haka sai ka ga zakaran duniya ya fito kore shar, abokin karawarsa ja wur kamar bahon wankan jarirai. Aikin Aling Pining shi ne ta zana musu ido da gashin baki da ɗan kamfai. Waɗanda suka lalace, mai hannun hagu biyu, mai narkakkiyar ƙafa, mai harara-garke, takan kwaso wa Celso su a buhun shinkafa.

Duk layin babu yaron da ya kai shi yawan 'yan kokawa, babu kuma wanda ya kai shi jin kunyarsu. Boyet, ɗan wani ma'aikacin jirgin ruwa, guda ɗaya tak gare shi, amma na gaske ne, da tambarin kamfani a tafin ƙafa.

"Celso, wannan naka ɗan kokawa ne ko kwaɗo?" in ji Boyet. "Kawo shi mu je famfo mu ɗebi ruwa da shi."

Yara suka kwashe da dariya. Rannan abin ya ishi Celso. Ya tsayar da mai kurar sayen kwalabe da tarkace, ya miƙa masa buhun gaba ɗaya, ya karɓi ƙanƙarar mangwaro a leda ya shanye a tsaye. Da yamma ya gaya wa uwarsa, ya sunkuyar da kai yana jiran duka.

"Har da buhun ka haɗa?" ta ce. "Haba yaron nan, ai buhun yana da amfani."

Da ya girma ya tafi Qatar aikin sanyi, a can ya fara rama gayya. Duk ɗan kokawar da ya taɓa hangowa a hannun 'ya'yan masu shi, sai da ya nemo shi, na gaske, a cikin kwalinsa, ba a taɓa ɓarewa ba. Ba kuma za a ɓare ba, domin a dokar masu tara irin kayan, wanda aka buɗe ya zubar da mutuncinsa. Yana yaro yana da abin wasan da yake kunyar wasa da shi, ya girma ya mallaki wanda ba a wasa da shi. Da ya dawo gida ya ɗora ɗaki a saman bene, ya jera su bango-bango, ya sa musu na'urar sanyi don kada kwali ya yi laushi. Shi da matarsa Luningning kuwa fanka ce rabonsu.

"In na mutu ka sa ni a kwali," takan ce masa, "ko na ɗanɗani sanyin nan."

Wata Lahadi ya je taron masu tara kayan wasa a San Juan, da niyyar a yaba masa. Sai ya tarar mutane sun yi cincirindo a kan wani akwatin gilashi, kowa ya ɗaga waya. Ya kutsa ya leƙa. Ɗan kokawa ne kore shar, ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Wanda ke tsaye a bayan akwatin, da sanƙo da tumbi, Boyet ne.

"Pare Celso, abokina! Zo ka ga tarihi. Irin na gida ne, aikin hannu, babu biyu masu kama ɗaya. Turawa da 'yan Japan rububinsu suke yi. Na kamfani kuwa kowa yana da shi. Ka tuna yadda muke son su muna yara?"

"Kai ne fa ka ce kwaɗo ne."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ni da nake mafarkinsu."

Celso ya daɗe yana kallon abin. Ƙirjinsa ya cika da wata kewa mai nauyi, ta gaske kuwa, har ya ji ƙwalla. Ya tuna ƙaurin robar, ya tuna buhun a ƙarƙashin gado, ya manta da kunyar sarai. Bai san lokacin da ya ce da ƙarfi, "Mahaifiyata ce ta zana idon nan" ba. Nan take wayoyin suka juyo kansa. Duk shekarun da ya yi yana tara na gaske ba a taɓa ba shi kujera a wurin ba, ranar aka ba shi har da lemo.

Ya iso gida ya tarar da tsohuwarsa, Aling Pining, tana tsinke ganyen zogale a gaban talabijin.

"Nanay, ba ni labarin zamanin masana'anta. Lokaci ne mai daɗi, ko?"

"Daɗin me? Warin fenti ya hana mu cin abinci, fanka ɗaya ga mata fiye da ƙima. Kai dai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

"To me ya sa kike karkata musu ido? Mutane sun ce salo ne."

"Salo! Mai kula da mu na tsaye a kanmu yana tafa hannu, ina za ka ga ido balle ka daidaita shi? Matsa, ka tare min talabijin."

Duk da haka da aka gayyace ta taro na gaba ta je, don an ce akwai taliyar pansit kyauta. Magidanta suka yi layi tana sa musu hannu a bayan 'yan kokawa, suna kama hannunta suna kai wa goshi don girmamawa, suna "Lola, Lola", wato kaka. Wani likitan haƙori ya ce mata aikinta ne ya raini ƙuruciyarsa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kana da iyali, ɗana?"

"Ina da su, Lola."

"Sun san kana nan?"

Boyet, da yake ba ya ganin kasuwa ya wuce, ya kawo shawara. Ya samo mai zuba roba, za a buga sababbi a kan tsohon fasali, Lola ta zana da hannunta. Abin mamaki ta yarda. Ba a daɗe da yi mata aikin yanar ido ba, ga sabon tabarau, ga kujera mai taushi, babu mai tafa mata hannu. Ta zauna a tsanake tana yi ɗaya bayan ɗaya, ido daidai da ido, gashin baki kamar an auna da ma'auni. Celso bai taɓa ganin ta da nishaɗi haka ba, har 'yar waƙa take yi.

Boyet ya zo ya juya ɗaya a hannu, fuskarsa ta faɗi.

"Lola, sun yi kyau da yawa. Babu mai saye. Ki ɗan karkata idon, ki bar fenti ya zarce."

Ta ajiye buroshin a hankali.

"Tun ina da ƙarfina nake jiran ranar da za a bar ni in yi abin nan yadda ya kamata. Yau na samu, ka ce in ɓata? Kwashi robarka, ɗan nema."

Sauran robar ta yi ta zama a kwali a ƙarƙashin matakala, Boyet na ta waya. Daga ƙarshe Celso ya ɗauki buroshi da kansa, ya ce bari ya gwada. Ya dage iya dagewa ya daidaita idon, hannunsa da ya saba da sufana ya ƙi. Suka fito ɗaya ya fi ɗaya muni. Boyet ya gani ya rungume shi, ya ce jini ba ya ƙarya, aka sa musu suna "aikin ɗan Aling Pining". Kafin mako ya zagayo an saye su kaf, ana neman ƙari.

Yanzu gyaran sanyi sai in ya samu sarari. Kullum da hantsi yana bakin ƙofa a kan benci, da tsumma ɗaure a hanci, yana zana wa korayen ƙatti ido. Nata masu kyan kuwa tsohuwa ta kai su coci, aka raba wa yaran unguwa ranar Kirsimeti, suka cire musu kawuna kafin sabuwar shekara. Wani lokaci takan fito da sandarta ta tsaya a kansa, ta ɗauki ɗaya ta duba a hasken rana.

"A masana'antarmu da an kore ka kafin abincin rana," ta ce.

"Wani daga Osaka ta Japan ne ya yi odarsa, Nanay."

"Allah ya ba shi lafiya," ta ce, ta wuce sayen kifi.