Yatsun Aro

A bayan ɗakin haihuwa na babban asibitin akwai wani ɗakin wanki mai kwami biyu na siminti, da igiyoyin shanya shida a ƙofarsa. A nan Inna Mai Wanki ta yi shekara ashirin da bakwai. Ta fara aikin ne shekarar da mijinta ya rasu, da autarta goye a baya. Kowa Inna yake ce mata, har likitocin da suka yi furfura.

Ko da aka kawo injin wanki, aikin hannu bai ragu ba. Zanen gadon da jini ya taɓa, in ji ta, ba a fara shi da ruwan zafi, sai tabon ya zauna har abada. Sai an jiƙa shi da ruwan sanyi, a cuɗa da hannu, a tsoma a bilic, sannan a ba inji. Safar hannun da ake raba musu ba ta kwana uku ba ta yage ba. A haka zanen tafin yatsunta ya goge, ya yi sumul kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Ita ba ta taɓa kula ba. Abin da ta kula da shi hawan jini ne, wanda ya kama ta tana kusan hamsin. Duk farkon wata takan ɗauki katinta na kwali, ta karɓo ƙwayoyinta kyauta a kantin maganin asibitin.

Sai aka zo da sabon tsari. Aka haɗa duk asibitocin yankin, manya da ƙanana, a kwamfuta ɗaya. Aka ce kati ya ƙare, yatsanka shi ne katinka. A gaskiya mutane sun huta. Ba a ƙara cewa fayil ya ɓata, layi ya ragu, wanda aka auna a ƙauye in ya zo birni sai a tarar da bayaninsa ya riga shi isowa.

Ranar rajistar ma'aikata, Inna ta shiga layi da hannun rigarta a naɗe. Mutumin da ke bayan tebur shi ne wanda ya daɗe yana riƙe da ɗakin katuna. An ba shi kwamfuta, amma sunansa na Mai Kati bai sake shi ba. A gabansa akwai wata 'yar na'ura mai gilashi, in ta karanta yatsa sai ta kawo koren haske.

"Inna, danna da kyau mana, ba ƙwai ba ne."

"Na danna, ɗan nan. Ko in hau kai in zauna?"

Ja ta kawo. Ya ce ta goga yatsan a goshi. Ta goga. Ya ce ta hura masa iska. Ta hura. Suka bi yatsun nan goma ɗaya bayan ɗaya, ja, ja, ja. Wata mai shara daga bayan layi ta ce, "To ko dai Inna aljana ce ba mu sani ba?"

"Aljanar da ta wanke zanen da kika haihu a kai," in ji Inna. Layi ya kwashe da dariya.

Mai Kati bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce akwai takarda ta masu irin matsalarta. A cike a aika hedkwata, su turo masu kyamara su ɗauki fuskarta a madadin yatsu. Sai dai abin yana kai wata huɗu, wani lokaci biyar, kuma kafin nan kantin magani ba zai ba ta komai ba.

"Jinin nawa ka gaya masa ya jira su?"

Daidai nan Auta ta shigo da kwanon abincin rana da ta kawo wa uwarta daga shagon ɗinkinsu. Mai Kati ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya ce, "Auta, kin yi rajista?" Ta ce ba ta yi ba, ita da ko ciwon kai ba ta yi. Ya ce, "To miƙo hannu." Ya ɗauki yatsunta goma a kan sunan uwarta. Kore ta kawo tun a dannawar farko.

Shekara biyu da rabi ana haka. Duk farkon wata Auta takan zo, su tsaya tare a tagar kantin magani, Inna ta kare da mayafi, Auta ta danna. Suna fita sai tsiya ta tashi.

"Inna, kuɗin hayar yatsana fa?"

"Wata tara na ɗauke ki kyauta, ki fara biyan wannan."

Ko da Auta ta yi aure ta koma can ƙarshen gari, ba ta taɓa fashi ba. Ranar ta zama tasu. Su karɓi magani, su zauna a inuwar zannuwan da ke kan igiya, su yi gulmar mijin Auta da munsharinsa.

Wata rana, ba farkon wata ba, Auta ta zo. Ta kifa bokiti ta zauna, cikinta wata biyar, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya yi musu shata.

"Inna, wai shekarata hamsin da takwas."

Ta faɗa da dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Ta je awon ciki a ƙaramin asibitin unguwarsu, ta danna yatsa, kwamfuta ta fito da uwarta. Nas ɗin ta ce yatsun nan suna da mai su, ba za a buɗe musu fayil na biyu ba. Kuma ba fayil ba gwajin jini, ba hoton ciki, ba ajiye gadon haihuwa. Ta dubi ƙafafun ta ce mata kada ta yi wasa, ta je ta warware da wuri.

Inna ta ci gaba da matse zanen da ke hannunta har ruwa ya daina ɗiga. Ta ce, "Tashi ki tafi gida. Ƙaramin abu ne."

Washegari da safe ta sami Mai Kati kafin layi ya taru. Ya saurare ta, ya cire tabarau ya murza ido.

"Ni na ja mana, Inna. Sai an rufe fayil ɗinki kafin yatsun su koma ga mai su. Zan rubuta cewa kuskurena ne, su ba ni takardar gargaɗi, wannan ba komai. Amma daga ranar da na rufe, ko ƙwaya ɗaya ba za a ba ki ba, sai masu kyamara sun zo."

"Rufe."

"Inna, tsaya mu yi tunani."

"Ka ga ƙafafun yarinyar nan? Rufe. Ina da ragowa a gida, kwali biyu cur."

Kwali biyun nan babu su. Rabin na watan ne ya rage mata a ƙarƙashin matashi. Da Auta ta tambaya, sai ta ce an ba ta kati na musamman, na tsofaffin ma'aikata, yanzu ba sai an danna komai ba. "Kin huta, na huta da baƙar maganarki."

Ba ta gaya wa Sista mai kula da ɗakin haihuwa halin da take ciki ba, duk da kullum suna gaisawa. Ta san in magana ta tashi za a tono shekara biyu da rabi na dannawa a bayan mayafi, kuma Mai Kati yana da 'ya'ya biyar. Sau ɗaya ta leƙa kemis na bakin titi. Da ta ji farashin, ta yi godiya ta fito. Sai ta koma raba ƙwaya biyu da reza, daga baya huɗu, daga baya ta koma sha ranar da kan ya fi nauyi kawai. Sannan suka ƙare.

A awon Auta na farko aka gano ita ma jininta ya hau, irin na masu ciki, mai haɗari. Aka ɗora ta a kan magani, aka sa ta zuwa duk mako, wayarta na tuna mata ranar. Inna ta ji wannan tana tsaye a bakin kwami. Ta daɗe tana cewa alhamdulillahi, ruwa na zuba bokiti na ambaliya.

Ita kuwa ƙeyarta ta fara sara. Kunnenta na ƙugi kamar injin wanki yana juyawa a ciki. Sai ta ƙara tamke ɗankwali ta ci gaba. In sun haɗu da Mai Kati a bakin ƙofa yakan ce, "Inna, da sauran maganin?"

"Har na sayar maka in kana so. Kai dai ka kula da tumbinka."

Wata safiya, cikin Auta na wata tara, Inna na shanya sai gefen zanen ya suɓuce daga hannunta na dama. Ta sunkuya ta ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ta so ta kira mai shara da ke can gefe, ta ji harshenta ya cika mata baki. Igiyoyin suka karkace, ƙasa ta taso ta same ta.

A ɗakin gaggawa ba a tambayi yatsa ba. Sun yi iya yinsu, ta rayu. Amma ɓarin dama ya tafi, magana ma ta tafi, sai wani sauti da take fitarwa da ƙyar.

Kwana goma sha biyu bayan haka aka yi wa Auta aiki, aka ciro ɗa namiji lafiyayye. Likitan ya ce da ba a riƙe jininta tun da wuri ba, da labarin ya sha bamban.

Masu kyamara sun iso a makon. Mai Kati ne ya rako jami'in har bakin gadon Inna. Auta na zaune a gefe, ta lallaɓo daga ɗakin haihuwa tana dafa bango, jaririn na kwance a jikin kakarsa ta gefen hagu. Jami'in mutum ne mai ladabi. Ya gaisa, ya ɗaga kyamara, ya duba, ya sauke.

"Mama, ki ɗan daidaita bakinki."

Mai Kati ya juya ya fuskanci taga.

Sai a ɗauka ta huɗu kwamfuta ta karɓa. Jami'in ya ce, "Shi ke nan. Daga yau za a ci gaba da ba ta magani. Ku yi haƙuri da jinkirin, wata huɗu ba fayil ba daɗi."

Auta ta ce, "A'a, Malam, ai tana karɓa. Tana da kati na musamman, na tsofaffin ma'aikata."

Ya duba allonsa, ya girgiza kai. "Babu wani kati irin wannan, Malama."

Auta ta dubi bayan Mai Kati. Bai juyo ba. Ta juyo a hankali ta dubi uwarta.

"Inna?"

Inna ta so ta ce mata ƙaramin abu ne. Ta tattara kalmomin, suka zo har maƙogwaro suka tsaya. Ta ga Auta ta dafe wurin ɗinkin cikinta, ta san in kuka ya ɓalle mata zai ja mata zaren. Jaririn ya motsa, ya fara neman nono a jikin rigar kakarsa. Inna ta sa hannun hagu a ƙarƙashinsa, ta tura shi kaɗan kaɗan a kan katifa, har ya taɓa gwiwar uwarsa.

Auta ta ɗauke shi. Ta gyara zama ta ba shi, hawaye na sauka a kan zanen goyonsa, ba ta share ba.