Ranar da Ma'aunin Gulbi Ya Yi Shiru

Har yau ban manta da ranar da shef Laminu, shugabanmu, ya kira ni buro, wato ofis, ya ce in tattara kayana, za a kai ni Madarumfa ba. Watan biyar ne, zafi ya kai maƙura, ni kuma ban daɗe da samun matsayin cikakkiyar mai rubuta porogaram ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana, kun tarar da tsarin gargaɗin ambaliya yana tafiya lafiya, shi ya sa nake son ku ji yadda launi na uku ya shiga cikinsa.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. A bakin gulbi, can kusa da iyaka, akwai sanda mai auna tsayin ruwa, tana da pano na hasken rana da batiri da ɗan akwatin aika saƙo. A Madarumfa akwai tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da ke karɓar saƙonta. A cikin porogaram, wannan sanda tana da wakili, abin da muke kira abu: yana da suna, yana da tambayoyin da ake iya yi masa. Kowace na'ura, ko ina take, tana iya cewa da shi, "Yaya ruwa?" kamar a cikinta yake zaune, alhali tambayar sai ta bi rezo, wato layin sadarwa, ta je ta dawo. Na'urorin ba harshe ɗaya aka rubuta musu ba, don haka akwai yarjejeniya da ke faɗin yadda za a yi tambaya da yadda amsa za ta kasance.

Aikina shi ne in rubuta tafinta tsakanin tsohuwar ordinater da sababbin salula, wato wayoyin hannu, da aka raba wa wakilan masu lambu na kwarin gulbi, har zuwa garin Safo. Ana so kafin damina ta kankama, kowane wakili ya duba salularsa ya ga kore in lafiya, ja in ruwa na tafe, domin a kwashe injinan ban ruwa da dabbobi daga kwari.

Aikin ya tafi daidai har na iso wani wuri. Yarjejeniyar tsohon porogaram ta nuna amsa uku yake bayarwa. Ta farko lafiya, ta biyu haɗari, ta uku kuwa wata lamba ce kawai babu bayani. Duk gwajin da na yi, ba ta fito ba. Na buga wa shef Laminu waya na gaya masa.

Ya ce, "Rabi, launi biyu muka yi wa mutane alkawari. Abin da ba haɗari ba, ki mayar da shi kore ki wuce. Lokaci ya ƙure."

Na ce, "Shef, a ba ni izini in tambayi wanda ya rubuta shi."

Ya ce, "Baba Yohanna ne. Ya ajiye aiki tun kafin ki zo, kuma idanunsa sun tafi. In kina ganin zai amfane ki, ki je, amma kada ki wuce ranar Litinin."

Na sami gidan a Maradi, bayan majami'arsu. Matarsa, Mama Saratu, ita ta tarbe ni, ta kawo mini ruwa, ta shimfiɗa tabarma a inuwa kusa da kujerarsa. Dattijo ne dogo, siriri, yana juya kai wajen da murya take. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Ashe tsohuwar ordinater tana nan da rai. To ɗiyata, ni ba ni gani. Ki karanta mini, layi layi, har da alamomin."

Ban taɓa karanta porogaram da baki ba sai ranar. Ina karantawa yana gyaɗa kai, wani wurin ya riga ni faɗin layin da ke biye, wani wurin ya ce, "Wannan ban yi shi da kyau ba, in kin samu hali ki gyara." Da na iso lambar nan, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya nan. In kin tambayi abin da ke cikin na'urarki, ko ya ba ki amsa ko ya ce ya kasa. In kuwa yana nesa, akwai na uku: kina iya tambaya ki ji shiru. Mi kike ganin shirun ke nufi?"

Na ce, "Rezo ya yanke."

Ya ce, "Mai yiwuwa. Ko tambayar ba ta isa ba, ko ta isa amsar ta ɓace a hanya, ko batiri ya mutu. Ko kuma ruwa ya zo da ƙarfi ya tumɓuke sandar. Daga inda kike zaune, duka kamarsu ɗaya. Lambar nan cewa take, ban sani ba. In kika mayar da ita kore, kin sa na'ura ta ce lafiya a lokacin da ba ta san komi ba."

Da na kwatanta masa nawa aikin, ya kuma ja hankalina kan wani abu da ban lura da shi ba. Salular, yadda na tsara ta, tana riƙe amsar ƙarshe da ta samu ta ci gaba da nunawa. Ke nan mutum zai iya kallon kore na jiya yana tsammanin na yanzu ne.

Na koma na faɗa wa shef Laminu. Bai ƙi maganar ba, amma shi ma yana da hujja. Ya ce rezon bakin iyaka yana yawan yankewa, wani lokaci akwatin ya kama na ƙetare ya rikice. In launi na uku yana fitowa kullum, mutane za su saba da shi, ranar da ja ya fito ma ba za su kula ba. Gaskiya ya faɗa. Muka zauna muka daidaita. Ordinater za ta sake tambaya sau da dama, tana jinkirtawa tsakani. In shirun ya daɗe, sai salula ta nuna launin ruwan ɗorawa, a ƙarƙashinsa a rubuta "babu labari", tare da lokacin da aka ji amsar ƙarshe.

Saura tambayar da porogaram ba ya iya amsawa: in ruwan ɗorawa ya fito, me za a yi? Wannan muka kai wa komiten masu lambu. Suka zaɓi Malam Isufu, magidanci mai lambun zogale da rogo, wanda yake da moto, wato babur, kuma ya san hanyoyin bakin gulbi. Duk lokacin da aka ga babu labari, zai je ya gani da idonsa ya bugo waya.

Farkon damina ya je ba sau ɗaya ba. Wata rana ƙura ce ta rufe pano, wata rana rezo ne kawai. Ya same ni a buron Madarumfa ya ce, "Malama, na'urar taku in ta ga dama sai ta yi barci, ni kuma in bar aikina." Na ba shi haƙuri. Ni kaina na fara tunanin ko shef ne ya fi ni gaskiya.

A watan takwas, wata safiya, rana ta fito tas a Madarumfa, ko gajimare babu. Ina zaune gaban ordinater sai na ga tana tambaya ba amsa. Ta sake, ta sake, can sai ruwan ɗorawa ya fito. Na kira Malam Isufu, ya ce ya gani, yana ɗaura takalmi. Muryarsa ba ta nuna yana tsammanin wani abu ba.

Na jira. Na kira shi, wayar ba ta shiga. Na sake kira, haka. Babu abin da zan yi illa in zauna ina kallon launin nan. Sai da hantsi ya yi sosai kiransa ya shigo, yana haki.

Ya ce, "Malama, sandar babu ita. An yi ruwa mai yawa a ƙetare, gulbi ya cika, ja wur, yana ɗauke da itace. Wurin ba rezo, sai da na hau tudu. Ki gaya wa mutane."

Tsarin ya ba mai kula damar sa ja da hannu in an samu shaidar ido. Na sa, na sanar da shef, wakilai suka bi lambuna suna faɗa. Kafin azahar amalanke sun cika hanya, ana fitar da injina da buhuna, ana kora awaki tudu. Ruwan ya iso bayan la'asar. Ya ci shuka da yawa a kwari, wannan ba yadda za a yi da shi. Wasu da ke can nesa labari bai same su da wuri ba, injinansu suka nutse. Amma yawanci sun tsira da kayansu, kuma ba a rasa rai ba.

Bayan ruwa ya janye, na je Maradi in ba Baba Yohanna labari. Na zaci zai yi murna, ya kuwa yi godiya ga Allah. Sai ya sa na sake ba shi labarin a hankali, daga fitowar launin har kiran Malam Isufu. Da na zo inda wayar ta ƙi shiga, ya ce, "Kina zaune kina jira. Da bai samu tudun nan ba fa? Da moto ta lalace masa?"

Na ce, "Da na ci gaba da jira, Baba."

Ya ce, "To shi ma yanzu yana cikin tsarin, kamar sandar. In shi ya yi shiru, mi porogaram ɗinki zai ce?"

Kafin in buɗe baki, Mama Saratu ta ce masa ya bar yarinya ta ci abinci, muka yi dariya, amma a mota ina komawa tambayar nake juyawa. A makon na rubuta abin da kuke gani yanzu: in mai dubawa ya tafi bai bugo ba har lokacin da aka yanka ya wuce, ana tura mutum na biyu, ana kuma gaya wa wakilai su fara matsar da injina ba sai sun jira ja ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu haɗa na'urori su yi magana ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne ka yanke tun da wuri abin da za a yi in ɗaya ta daina magana, ka kuma bar porogaram ya faɗi gaskiya in bai sani ba. Na koyi kuma cewa tsohon layin da ba ka gane ba, wani ne ya rubuta shi saboda wani dalili. In mutumin yana raye, ka je ka zauna ka tambaye shi kafin ka goge.