Bakina Ya Fi Santsi Kayar da Ni a Al-Naseem

Al-Oud

Biyar saura kwata na asubar Alhamis na fito daga ɗakinmu a unguwar Al-Oud, idona cike da barci. Ni direba ne a gidan wani Balarabe, shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar, amma ranar hutuna nakan taɓa wani aikin a ɓoye. Wani ƙaramin ofis ke tura ni kantuna in shiga kamar mai sayayya, in lura da tsabta da fara'ar ma'aikata, in rubuto. Sharaɗinsu guda ne: kada in faɗa wa kowa ko ni wane ne.

Bayan sallah na ci ful da tamis, wato wake da gurasa, na riyal uku a unguwar Batha, na hau ƙaramar bas. A hanya 'yan sanda suka tare mu, minti ashirin ana duba iƙama, katin izinin zama.

Al-Naseem

Kanti uku na zaga a unguwar Al-Naseem kafin azahar, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na huɗun na tarar an rufe don sallah. Ashe lokacin ne suke wanke daɓe. Ana buɗewa na kutsa, ni ga mai son gamawa da wuri. Taku biyar na yi, sai ga ni a ƙasa, idon sawuna na dama ya ce ƙas.

Manajan, wani dattijo ɗan Sudan, ya zo da gudu. Ya sa aka kawo kujera da ruwa, ya ce kada in damu, duk mai sayayyar da ya ji rauni a nan kanti ke kai shi asibiti. Har ya aika a tado mota. Da na ja bakina da shi ke nan. Amma zafi da son a san ni ma wani ne suka sa na ce ai turo ni aka yi, kuma wannan santsin sai ya shiga rahotona.

Ya dube ni ya ce:

"To kai ba baƙonmu ba ne, ya akhi, ɗan'uwana, a bakin aiki kake. Waɗanda suka turo ka su ɗauke ka."

Ofis

Uku da rabi tasi ta sauke ni, na hau bene da ƙafa ɗaya. Mai ofishin ya zaro takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Ya nuna mini inda aka ce ni mai zaman kaina ne, raunina nawa ne, kuma tunda na tona kaina na karya yarjejeniya. Na ce zan kai ƙara.

"Bismillah," in ji shi. "Me aka rubuta a iƙamarka?"

Direba aka rubuta, kuma doka ta hana ni yin wani aikin. In na kai ƙara, kaina na kai. Na juya na sauko benen, na ma rasa ƙarfin yin fushi.

Gida

A wani ƙaramin asibiti aka ɗaure ƙafar, likita ya ce sati shida ba tuƙi. Bayan magariba na iso Al-Oud, Malam Sabi'u, abokin ɗakina, ya goya ni har sama. Na gode wa Allah da abin ya tsaya a ƙafa, na gode wa Malam Sabi'u. Shi na ba makullin mota ranar Asabar ya mayar wa kafilina, ya dawo ya ce ya tarar da sabon direba yana wanke ta.