Motar da Ba Ta da Kabureta

Yayana bakanike ne a Kankia, garejinsa na bakin titin Kano zuwa Katsina. A shekarun da kuɗin fetur suka fara cika titi da motoci, sunansa ya kai har Kunduru. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ni ina koyarwa a firamare, in an tashi nakan zauna a bencinsa, don haka a gabana aka yi komai.

Wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Kusada ya kawo wata farar mota da ya sayo ta hannu daga Maraɗi, tana tari tana mutuwa. Yaya ya ɗaga bonet, ya kai hannu inda kabureta mai haɗa fetur da iska ke zama, ya tarar babu. Sai wani ƙarfe kamar famfo a gefen inji, siraran bututai huɗu sun fito daga kansa. 'Yan tasha suka yi cincirindo. Na ga gumi a ƙeyar Yaya.

"Yaya, ko a aika Kano a tambayo?" na ce masa a hankali.

"Malam, riƙe allinka," in ji shi.

A duk ƙasarmu, injin da ke da irin waɗannan bututai sai na tarakta da manyan motoci, su kuwa gas suke sha. Da abin da ya sani Yaya ya auna.

"Alhaji, wagga mota ta gas ce. Fetur ɗin da kake ɗura mata shi ya sa mata ciwo."

Aka tsiyaye fetur, aka cika tanki da gas. Ta tashi da ɗan fetur ɗin da ya rage a bututu, ta turnuƙe mu da farin hayaƙi, ta yi shiru. Maimakon ya tsaya nan, sai ya kwance famfon. Ƙananan sifirin da ke cikinsa suka yi tsalle cikin yashi, muka yi ta tankaɗe ƙasa da rariya. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don ina ganin ya san ya ɓata tun kafin ya ɗauki sifana.

Damina guda motar na ƙarƙashin dalbejiya, kaji na kwana a inuwarta. Sai wani direba Bamaraɗe ya tsaya sallar la'asar, ya leƙa.

"Fetur taka sha," ya ce. "Wanga famfo shi ka fesa shi cikin inji. Ba a buɗe shi bakin hanya. Wa ya taɓa shi?"

Kowa ya juya ya dubi Yaya.

Da Alhaji ya zage shi, da ya fi sauƙi.  Shanun huɗa ya aiko suka ja motar zuwa Kusada, ranar kasuwa, ta tsakiyar gari. Direbobi suka ci gaba da gaida Yaya da girmamawa, su wuce garejin gaba.

Bayan kaka na same shi yana liƙe tayar keke. Wani ya tsaya da mota yana neman a duba masa fulogi. Yaya bai ɗago kai ba.

"Bakaniken ya tashi daga nan," ya ce.