Bikon Rijiya

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar ɗana na fari. Da bazara ne, irin bazarar da iska kan gangaro daga kan dutse da zafi kamar an buɗe bakin tanderu. Gero bai yi ba daminar da ta gabata, ga kuma sanƙarau ya shigo gari. Har mutane suka daina tambayar wa ya rasu, sai dai su ce wace unguwa. Ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sandare, muka kai shi asibitin Filinge, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Masu karatu su yi mini haƙuri, ba zan rubuta sunansa ba. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma abin da bakina bai faɗa ba yana raye, hannuna ba zai faɗa ba yana kwance. Ko da muka shiga makarantar yaƙi da jahilci malama ta ce kowa ta rubuta sunayen ɗiyanta, daga na biyu na fara. Mutanen gari Sudur suke ce masa, don aikin walda yake yi. Da wannan za mu tafi.

Wanda ya san Filinge a wancan lokaci ya san filin wasan yara da ke bayan kasuwa, wanda ake kira Filin Rijiya. Shi ya gina shi. Amma tushen abin ya girmi ginin, don haka bari in koma baya kaɗan.

A shekarar babbar yunwa, zamanin soja na farko, muka bar ƙauyenmu da ke can arewacin ƙasar Kurfai. Rijiyarmu ta ƙafe, dabbobi sun ƙare. A ƙasa muka taho, ina goye da ƙanwarsa, shi kuma yana riƙe da gefen zanena. In ya gaji sai ya zauna bisa rairayi ya ce shi ba ya ƙara taku. Ba ni da abin ba shi, sai na ƙago masa gatana, abin da wasu ke kira tatsuniya. Na ce masa rijiyar garinmu yaji ta yi, don mutane suna ɗiban ta ba su gode mata, mu kuma biko za mu. Na ce yaron da ya tafi bikon sai da ya ratsa ta cikin bakin kura, ya hau tudun da ba a ganin kansa, jimina ta ɗauke shi ta ƙetare daji da shi, kana ya iske rijiyar zaune gindin gawo ta juya baya. Ya ba ta haƙuri, ta ba shi ruwa ya sha, ta biyo shi suka koma gida tare. Duk sanda ya tsaya sai in ce tashi, mun kusa bakin kura. Da haka ƙafarsa ta kawo shi Filinge.

Ni na manta da zancen. Shi ashe bai manta ba.

Ya girma, ya koyi walda a Yamai, ya dawo ya buɗe rumfa, ya yi aure. Soja suka tafi, farar hula suka zo, soja suka sake dawowa. A wannan dawowar ne kumandan da ke mulkin Filinge a lokacin ya ce yana son a yi wa yaran gari wurin wasa, aka ba da fili, aka kira Sudur ya haɗa lilo a jere kamar yadda ake yi ko'ina. Shi kuwa ya ce in an yarda zai yi abin da ya fi lilo. Ya zo gida ya zauna bakin murhu ya sa ni in sake masa gatanar tun daga fari, yana zane a ƙasa da tsinke. Na ce masa kai, yanzu rana tsaka, ka san ba a gatana da rana, yaro ɓata yake yi. Ya yi dariya ya ce, “Inna, ni ba faɗa zan yi ba, ginawa zan yi.”

Abin da ya gina ba zan iya kwatanta shi duka ba, amma ga yadda yake. Ƙofar shiga gajera ce, babba sai ya duƙa sosai, don a cewarsa mai shiga gatana sai ya koma yaro. Kana shiga ka iske bakin rijiya na tsofaffin tayoyi, ka leƙa, ba komai sai rairayi. Daga nan hanya ɗaya ce tal, an shinge ta da aduwa hagu da dama. Tana kai ka bakin kura, wadda ya haɗa da gangunan ƙarfe ya dasa ta da siminti, ka shiga da rarrafe cikin duhu ka fito ta wutsiya. Sai tudu, ka hau da ƙyar ka sulalo ta baya. Sai jimina mai dogon wuya, lilon yana rataye a fikafikanta. A ƙarshe, gindin wani gawo da ya tarar a wurin, ya yi ’yar bukka, a cikinta randa da moɗa.

Kan ruwan nan ya yi gardama da kowa. Mata suka ce a sa randa a bakin ƙofa, yara suna zuwa da ƙishi. Ya ce a’a. Yaron da ya sha tun farko lilo kawai ya hau, wanda ya ratsa kura da tudu da ƙishinsa kana ya sha, shi ne ya yi biko. Yakan ce ƙarfe ko’ina akwai shi, abin da ke sa yaro ya ƙi tafiya gida shi ne son ya ga abin da ke gaba. Ni ce ke cika randar kowace safiya, in ja ruwa daga rijiyar gidanmu. Ina zaune nan ina ganin su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, gwiwa duk ƙasa, su riƙe moɗa hannu biyu su ce wa randa ta yi haƙuri ta koma gida. Ba wanda ya koya musu, junansu suka koya wa.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa. Ranar buɗewa kumandan ya zo da baƙi, ya dubi ƙofar nan gajera ya ce, da raha dai, shi da hularsa ba za su duƙa ba. Aka sa Sudur ya yanka wata ƙofa babba a baya, daidai wajen bukkar. Ya yi, don ba a musu da mai kaki. Da ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya ce yanzu mutane za su riƙa shiga labarin ta ƙarshensa. Na ce masa ƙofa ce kawai. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi, amma a nan yaron ne ya hango.

Bayan rasuwarsa na ci gaba da cika randa na ’yan shekaru. Ta babbar ƙofar nan komai ya shigo. Da farko masu amalanke suka riƙa ɗaure jakuna ranar kasuwa. Awaki suka cinye shingen, hanya ɗaya ta zama hanya ko’ina, yara suka riƙa zuwa su sha ruwa su hau lilo su tafi, ba mai kula da kura. Wata safiya aka wayi gari babu jimina, aka ce masu sayen tsohon ƙarfe sun wuce da ita ta hanyar Baleyara. Damina ta kwantar da bukka, randa ta fashe ƙarƙashinta. Ni ma ƙafa ta fara ba ni wuya, sai na daina zuwa. Cikin kayan wasan kura kaɗai ta rage, don siminti ya riƙe ta, da gawon da ba shi ya shuka ba.

Ɗiyarsa Nana, wadda ya bari tana tatata, yanzu ita ke riƙe da ni. Ta taɓa kai ni wani wurin wasa a Yamai. Akwai abubuwa masu juyi da lantarki, da fitilu, da kiɗa, yara suna ta ihu. Na tambaye ta ta ina ake farawa, ta ce ta inda kika ga dama, Kaka. Na ce to ina ƙarshen, ta ce sai an gaji. Ban ce mummunan wuri ba ne, yaran sun ji daɗi. Amma na yi ta tunanin abin da ubanta zai ce, shi da ya ƙi cin tuwo saboda ƙofa.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Kowa ya san halin da ƙasarmu ke ciki yanzu. Mutanen ƙauyukan arewa sun gudo, ’yan bindiga sun kore su daga gonakinsu, an rufe makarantunsu. Wasu aka sauke su a tsohon Filin Rijiya, suka kafa bukkoki na buhu da leda. Rannan na ratsa ta wurin zan je gaisuwar mutuwa, sai na ga jariri kwance cikin bakin kura, an shimfiɗa masa zane, don nan kaɗai ne inuwa. Na tuna abin da na ce wa Sudur bakin murhu, cewa gatanar rana ɓatar da yaro take yi. Ga filin cike da yaran da suka ɓata daga garuruwansu. Na san ba gininsa ya jawo ba, amma zuciya ba ta jin wannan.

Uwar jaririn, Ramatu sunanta, Hausarta gauraye da Zabarmanci, ta gaishe ni ta ce an gaya mata ni ce uwar mai wurin. Ta ce manyan ɗiyanta kullum suna shiga kurar suna fita, sun ji wajen yaran unguwa cewa wurin labari ne, amma ba wanda ya san shi duka. Suna ta damun ta da tambaya.

“Inna, in an fito daga cikin kurar, mi ke gaba?”

Na ce mata tudu. Ta ce bayan tudun fa. Na ce rana ta yi, zan dawo.

Da na gaya wa Nana, ta ce kada in soma. Ta ce waɗannan yara sun ga abin da ya fi kura, kuma in na ce musu ana komawa gida za su riƙe ni da maganar. Sannan ta tambaye ni abin da ban taɓa jin wani ya tambaye ni ba. “Ke Kaka, kun koma?”

Ba mu koma ba. Ƙauyenmu yau ko kufansa ba a ganewa. Rijiyarmu ba ta dawo daga yajinta ba, mijina ya mutu yana cewa baɗi. Ƙarshen gatanar nan na ƙago shi ne don ƙafar yaro ta ɗaga, shi kuwa ya ɗauke shi gaskiya har ya gina masa bukka. Ana cewa bayan wuya sai daɗi. Na kai shekarun da zan ce na ga wuyar da wuya ce ta biyo bayanta. Soja sun zo sun tafi sun dawo, farar hula haka, kowa da alkawarin da yake yi, mutanen Kurfai kuwa har yanzu suna tafe a ƙasa da yara riƙe da gefen zane.

Da Sudur yana raye mi zai yi? Nakan ce zai ɗauko injinsa ya haɗa wata jimina. Wani lokaci kuma in ce da ya ga jaririn nan cikin bakin kura, da ya zauna ƙasa kamar yadda yake yi yana yaro ya ce ba ya ƙara taku. Ban sani ba. Abin da na sani, daga duk abin da ya gina, abin tsoron ne kaɗai ya tsaya da ƙafarsa. Abin hawa an sace, wurin hutawa ya rushe, ko ni da na haifi labarin ban yarda da ƙarshensa ba. In ana auna mutum da abin da ya bari, to ɗana ya bar kura da tsatsa, da ɗiya ɗaya mai faɗin gaskiya, da tambayar da yaran baƙi ke yi ba su san sunansa ba.

Sai dai akwai abu guda cikin labarin da ba ƙage ba ne. Kafin rijiya ta bi yaron gida, ta fara ba shi ruwa ya sha. Wannan kam na gani da idona, shekara da shekaru, moɗa a hannu biyu.

Washegari bayan sallar asuba na juye ruwan randar ɗakina, na sa Nana ta kira mai amalanke. Ita ta kama mini muka ɗora. Na ce ya bi ta babbar ƙofa, tunda ita ta rage. Muka girke randar gindin gawo inda bukkar take a da, na cika ta, na kife moɗa a kai. Yaran Ramatu suka taho da gudu za su sha, na ce a’a, ku koma ku biyo ta cikin kura. Suka koma. Da babbar cikinsu ta fito ta wutsiya, gwiwa duk ƙasa, ta riƙe moɗar tana haki ta ce, daga nan sai ina?

Na ce mata, “Sha tukuna, ɗiyata.”