Baba Angama Mai Yankan Takarda

Shekara ashirin da biyu Baba Angama ya yi yana yankan takarda a maɗaba'ar da ke bayan tashar mota. Sunan ma daga bakinsa aka samo shi, don kafin manaja ya rufe baki ya riga ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ƙarfe huɗu ake tashi, amma shi sai bakwai yake kashe injinsa. In ya zo kan littafin bakin ƙofa, inda kowa ke rubuta lokacin fitarsa, sai ya rangaɗa ƙarfe huɗu da kyakkyawan rubutu, don kada ran manaja ya ɓaci. Manaja kuwa yakan dafa kafaɗarsa a gaban mutane ya ce, "Wannan ai ɗan gida ne." Baba ya koma gida yana washe baki, ya ba matarsa labari. Ita kuma ta ce, "To Malam, dafa kafaɗar zan zuba a tukunya?"

Ana nan aka ɗauki wata mata mai ɗinkin littattafai, mai tabarau, wadda bakinta ba ya shiru. Ita ta gaya wa ma'aikata cewa doka ta ce duk awar da aka yi bayan tashi kuɗin awa ɗaya da rabi ne, ranar hutu kuwa ninki biyu. Ta sa kowa ya fara rubuta ainihin lokacin da ya fita. Baba ya ja ta gefe.

"'Yata, ba a yi wa maigida lissafi."

"Baba, shi ai yana yi mana. Ranar da ka makara minti goma, ba a yanke maka ba?"

"Wannan tarbiyya ce," in ji shi.

Da ƙorafi ya kai ofishin ƙwadago, sai ga jami'i ya faɗo da ƙarfe shida da rabi na yamma. Ya tarar da Baba a gaban inji, gumi sharkaf, ɓarɓashin takarda har a gemu.

"Dattijo, aiki kake yi har yanzu?"

Baba ya saci kallon manaja. "A'a, ziyara na kawo. Ni da injin nan mun saba."

Jami'i ya rubuta.

Bayan wata biyu aka tilasta wa kamfanin biyan kowa haƙƙinsa bisa abin da ke littafi. Baba ya sha sabuwar riga, ya riga kowa shiga layi. Mai biyan kuɗi ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Baba, kai ba ka taɓa wuce huɗu ba. Ga rubutunka."

Baba ya ruga ofishin manaja. "Ranka ya daɗe, kai ne shaidata!"

Manaja ya riƙe baki. "Haba! Ni in ƙaryata mutum mai gaskiya kamarka?"

Washegari Baba ya rubuta ƙarfe bakwai. Sati bai cika ba aka kira shi, aka ce tsufa ya kama shi, tunda aikin da yake gamawa da huɗu yanzu yana kai shi bakwai. Aka sallame shi da takardar yabo, wadda shi da kansa ya yanke gefenta.

Yanzu yana zaune a ƙofar gida kan benci. Duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya ji yadda wata mai tabarau ta shigo ta lalata musu kamfani, wurin da dā ake zaune lafiya.