Tozon Raƙumin da Ya Ci Mini Yatsa

Edita, a shekarun da Faransawa suka bar Aljeriya, ni ce mai furar da fataken Damagaram suka sani a Tamanrasset. Mijina yana da rumfar atamfa, ni kuwa turmi da taɓarya ne sana'ata, kuma ina taƙama da damtsena fiye da yadda budurwa take taƙama da kitso. Da na haura hamsin jinin al'ada ya ɗauke, sai na ga fatar hannuna tana reto, taɓarya ta fara yi mini nauyi. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai.

Na kai kukana ga wata maƙwabciyata 'yar Agadas. Ta ce ai nama nama yake kira, in lizimci tsokar raƙumi da kitsen tozonsa safe da yamma, in kuma ajiye daka har jiki ya cika. Ban tambayi kowa ba. Na kifa turmi, na zauna a kan tabarma kamar kayan wanki, ina soya tozo ina tsoma gurasa a cikin mansa, ina korawa da shayin Buzaye kofi uku mai ɗankaren sukari. Har yau ina tuna yadda kitsen yake daskarewa a dasashina, da ƙarnin da ya kama zannuwana. Mijina ya ce ɗakin ya koma warin mahauta, na ce masa baƙin ciki yake yi da lafiyata.

Na cika kam, amma tumbi ne ya cika, ƙarfi bai dawo ba. Sai ƙishirwa, sai fitsari ba iyaka. Wata safiya na tarar tururuwa sun yi baƙi ƙirin a inda na tsuguna, suna shan abin da ya fita daga jikina. Na tsani kaina a ranar, duk da haka na rufe da ƙasa don kunya. Sai da ƙaya ta soke ni a babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, ya fara ɗoyi har ƙuda na bina, sannan na yarda aka kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon sukari ne, kuma zaman da na yi da kitsen da na ɗura sun taimaka masa. Ya ce nama kaɗan ba laifi, amma tsoka aiki take so. Ya yanke yatsan.

'Yan uwana mata da jini ya ɗauke muku, kada ku ajiye aikinku don maganar tsakar gida, kada kuma ku rufe abin da kuka gani da ƙasa. Ni ƙarfin hannu na je nema, ga shi yanzu ko tsayuwar daka ba na iyawa. Turmina yana nan a kife, a kansa nake zama in wanke ƙafar.